Sunan Ɗan Fari

Tana shiga ofishin likitan ƙwaƙwalwa ta miƙa masa hannuwanta biyu. A unguwarsu, Agege, an ce mata ɗaure mutum ake yi, a danna masa allura.

Likitan, Bayarabe mai jin Hausa, ya turo kujera. "Zauna, Mama. Hira kawai za mu yi."

Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga. Wata bakwai ke nan, da jirgin ƙasan Kano ya busa usur sai ta yar da farantin goronta ta ruga tasha.

"Wa kike nema a jirgin?"

"Yaron nan, mai zuba kwal a inji. Wai ya faɗo, an binne shi a hanya."

"Yaya sunansa?"

"Haba likita! Ɗan fari ne fa. Shekara ashirin ban taɓa faɗin sunansa ba. Ko ranar ta'aziyya ban yi kuka ba, surukata na zaune."

Ya tashi ya rufe ƙofa. "Nan babu suruka."

Can nesa jirgi ya busa. Ta yunƙura za ta ruga, sai ta damƙe kujerar, ta buɗe baki ta kira ɗanta da sunansa.