Gurbin Gwiwoyi

Injin jan anka, ƙarfen da ke riƙe jirginsu a ruwa, ya yi tari sau biyu ya mutu, ga iskar arewa ta taso, dole su bar gindin duwatsun nan. Tsohon masuncin ya buɗe injin, ya ƙwanƙwasa, ya zage shi. Ko gezau.

"Ja da hannu mana, maigida," in ji matarsa daga wajen sitiyari. "Ba kai ka ce aikin rago ne ba?"

Shi ya faɗa, ranar da ya sayo injin ya sallami ƙanensa, wanda ya shekara ashirin yana jan sarƙar anka a durƙushe. "Wannan ba ya cin burodi, ba ya kukan ciwon baya." Ƙanen ya tafi Jamus neman aiki, can aka binne shi.

Tsohon ya kama sarƙar, bai ja kamu goma ba tafin hannunsa ya tsage, bayansa ya ɗau wuta. Ya durƙusa a goshin jirgin ko zai sami ƙarfi.

Gwiwoyinsa suka faɗa cikin 'yan ramuka biyu masu santsi a jikin katakon, cif da cif. Kullum yana taka su ya wuce, yana cewa ruwan sama ne ya cinye wurin.