Dabinon Madina a Sanyin Ɗa'ifa

Abdulghani ya sa yatsa biyu ya ja tohon da ke tsakiyar dabinon a hankali, sai ya biyo hannunsa ya fito, ruɓaɓɓe, yana wari. Wannan ma ya tafi. Dabino rai ɗaya gare shi, a ƙoƙon kansa yake, in nan ya ruɓe sai a nemo gatari.

Shi ɗan Jidda ne, a unguwar Hindawiyya ya yi wayo, inda in an ce ana sanyi to mutum ya kashe fanka ne. Kafilinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa a ƙasar, Sayyid Mahmud, ya gina gidan hutu a kan duwatsun Ɗa'ifa, ya sa aka kawo ƙananan dabino daga gonar marigayi mahaifinsa a Madina, aka dasa su a gaban wasu tsofaffin dogaye da ya tarar a filin. An gaya masa wurin bai dace da su ba, amma wa ya isa ya ja da mai kuɗi? Ya ɗora Abdulghani a kan lambun. Abdulghani kuma ya hau dutsen da mahaifiyarsa, Inna Turai, tsohuwar ungozoma wadda rabin yaran Hindawiyya a hannunta suka faɗo.

Wata safiya ta hunturu suka tashi suka ga raɓa ta daskare a ganye, fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Kafin mako ya zagayo, ganyen manya da ƙanana duk sun ƙone sun yi ja.

Sayyid Mahmud ya zo, ya zaga, bai ko zauna ba.

"Isma', ya Abdulghani, waɗannan ƙananan su ne abin da ya rage min na ubana. In sun mutu, halas, magana ta ƙare, ka nemi mai riƙe maka iƙama."

Babu mai riƙewa, kuma Abdulghani ya sani. Ba iƙama, ba izinin zama a ƙasar, sai jirgin ruwa zuwa Bur Sudan, garin da ya bari a goye, shi da tsohuwar da ko matakala ba ta hawa sai ta huta.

Matambayi ba ya ɓata. Ya bi manoman wurin ɗaya ɗaya, suka koya masa: kada ka yanke ganyen da ya ƙone, shi ne bargon toho. Kada ka sa taki yanzu. Ruwa kaɗan, a gindi, da rana. Ka naɗe wuyan da buhu, sannan ka yi haƙuri. Ya yi duk, har da wanda ba a ce ba. Da ya taɓa tohon ƙananan a lokacin, ya ji su da ƙarfi, kore shar. Ranar har tuwo ya ƙara.

Daga nan abin ya juya. Sanyi ya fara sauƙi, amma toho ya fara laushi. Na bakin ƙofa ya riga, na kusa da madafa ya bi, sauran suka shiga layi.

Ya canja ruwan da yake ba su. Ya tona gindi ya duba ko tsutsa ce, bai ga komai ba. Kullum in ya dawo daga masallaci da hantsi, don masallacin da nisa kuma yakan zauna karatu bayan asuba, sai ya tarar da buhunan sharkaf, ya tsine wa raɓar dutse, ya sake naɗa busassu. Manoman suka zo suka leƙa, suka girgiza kai. Ba su taɓa ganin sanyi ya yi irin wannan ba, sai dai ko ido ne.

Abin haushi, tsofaffin dogayen da ba wanda ya damu da su suka fara fitar da sabon ganye, suna kaɗawa a sama kamar suna yi masa gwalo.

Inna Turai ma wurin bai karɓe ta ba. Ta rame, baya ya riƙe, gawayin da ya kamata ya kai su wata ba ya kai rabi. Bai taɓa yi mata magana ba. Tsohuwa ce, sanyi take ji, kuma shi ya kawo ta. Wannan ya fi komai cin ransa.

Ranar da tohon na ƙarshe ya biyo hannunsa, bai yi kuka ba, ya dai zauna a ƙasa ya daɗe. Sayyid Mahmud bai ma zo ba, direba ya aiko da sabon kwaɗo, ya ce su tattara nasu su ba shi wuri.

A bayan babbar mota suka gangaro, tsakanin kwandunan kayan lambu, da akwatinsu ɗaya da tukunyar Inna. Iskar Jidda mai ɗumi ta fara bugun fuskarsu, garin da za su kwana a cikinsa su jira jirgi. Abdulghani ya kifa kai a gwiwa. Inna Turai ta dafa shi.

"Ɗan nan, kada ka zargi kanka. Allah ya gani ka yi, ni ma na yi. Na ga ka hana kanka barci, shi ya sa ban gaya maka ba, kada ka ce in huta. Sanyi in ya shiga jiki ba ya fita sai da gashi. Kullum ka tafi masallaci sai in tafasa ruwa, in bi su ɗaya ɗaya in kwarara musu a ka, yana tururi, yadda nake yi wa masu jego. Dogayen nan ne kawai hannuna bai kai ba, ka yafe min."