Uku da Uku

Masu sharhi a jaridun Bucharest sun yaba fim ɗin Horia, labarin samari biyu da suka taso suna son juna. Amma yau a garinsu Tulcea aka nuna shi, kuma da aka kunna fitilu ba wanda ya tafa.

Silviu, wanda rabin labarin nasa ne, ya riƙe hannun Horia. "Ga Mama nan tafe."

Shekara tara mahaifiyar Silviu ba ta yi musu magana ba. Furanni ne a hannunta, kuma kowa ya san al'ada: huɗu ko shida na kabari ne, mai rai sai uku ko biyar.

"Nawa ne?" Horia ya tambaya, kansa a ƙasa.

"Shida," in ji Silviu.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsu, idonta jajur. Sai ta raba furannin, ta miƙa wa kowannensu uku.

"Kai Horia, ja'iri, ka nuna ni a fim ba na dariya. Ƙarya kake. Ku wuce gida, miya na hucewa."

Can baya wani ya fara tafi.