Irin Shuka Na Ƙarshe

Da ɗigon farko ya bugi kwanon rufi, matar gidan ta ɗaga kai ta dubi sama. Unguwa kaf ta kaure da murna, ita kaɗai ke fatan hadarin ya wuce.

Damina ta daina cika alkawari. Sau biyu mijinta ya yi shuka bana, sau biyu rana ta ƙone tsiron. Ya ƙulle ragowar irin a buhu, ya rataye a ɗaka, ya ce ko yunwa za ta kashe su, kar a taɓa. Aka kwana arba'in ba ruwa.

Yau sai ga shi ya faɗo gida sharkaf, bakinsa har kunne.

"Uwar yara, sauko min da irin nan! Ƙasa ta sha!"

Ba ta motsa ba. Ya sauke buhun da kansa, ya zazzage. Yashi ne.

"Ina irina?"

"Maigida," ta ce, "mako biyu kana ci, kana suɗe hannu, kana sa min albarka. Ka taɓa tambayar inda na samo?"

Ya waiwaya tsakar gida. 'Ya'yansa uku na tsalle cikin ruwan. Gonarsa ta bana ke nan.