Tabarmar Zaure

Mai kwale-kwalen yawo ya matso bakin dam, Suhaibu ya miƙe yana murmushi. "Taso mu zaga, Rauda."

Ba ta motsa daga kan benci ba. Ruwan ta zuba wa ido, ruwan da ta gaji da gani. Tun da suka fara soyayya nan yake kawo ta, bai taɓa taka ƙofar gidansu a Tudun Wada ba.

"Malam Suhaibu, duk Juma'a sai na shimfiɗa maka tabarma a zaure. Jiya Baba da kansa ya naɗe ta."

Ya sunkuyar da kai. "Ki ƙara haƙuri, shiri nake."

Ta gyara mayafi, ta miƙe a hankali. "Shiga kwale-kwalenka. Juma'a mai zuwa akwai mai zama a kanta."