Ɗigon Fensir

Karo na uku ke nan ana dawo wa sabon malamin kwamfuta da mujallar makaranta, kuma ko kalma ɗaya ba a rubuta a jikinta ba. Ɗigon fensir ne kawai, nan ɗaya, can biyu, sai ka ce ƙuda ya bi ta kan takardun.

Ranar da ya kama aiki shugabar makaranta ta dire masa tsohuwar mujallar a tebur. Kowane shafi da irin haruffansa. Wasu sun kishingiɗa, wasu sun yi tumbi, wasu kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito da gudu. Waƙar 'yan aji uku an buga ta da ruwan ɗorawa a kan hoton rana. Hoton mataimakin shugaba ya fito sau bakwai, har a shafin gasar ɗinkin 'yan mata.

"Ka gyara ta ta karantu," in ji shugaba. "Muna da mai dubawa. In ta wuce a can, aiki naka ne. In ba ta wuce ba, ƙarshen zango ka nemi wani wurin."

Shi kuwa ga mata ga jariri. Nan take ya ƙudurta a ransa mai dubawar nan wani tsohon farfesa ne da ya rasa abin yi.

Ya zage damtse. Haruffa iri biyu rak, ɗaya na kanun labari, ɗaya na ciki. Baƙi a kan fari. Kowane hoto da bayaninsa a ƙasa, kowane shafi da fili a gefe. Mataimaki ya koma hoto ɗaya, ya kuma daina amsa masa gaisuwa.

Ɗigon ya ragu, amma bai ƙare ba. Da ya zauna ya lura, sai ya ga yana faɗowa ne inda layi ya cika tsawo, ko inda kalma ta karye biyu, ko inda labari ya tsallaka zuwa wani shafi ba sallama. Takardun kuma kullum da ɗan danshi a kusurwa suke dawowa.

Ba wanda yake sauke wa haushinsa sai Iya mai shara, da take riga kowa shiga ofis.

"Iya, farfesan nan ko makaho ne ko mugu. Mutum ya gagara rubuta jimla ɗaya, sai ɗige-ɗige kamar kaza ta samu tsaba! Wallahi ina shakkar ma ya iya karatun."

"Allah ya ba ka haƙuri, ɗana. Ɗaga ƙafa in wuce."

A karo na huɗu ya buɗe tsakanin layuka, ya hana kowace kalma karyewa. Mujalla ta dawo fes. Shugaba ta sa hannu a takardar tabbatar da shi, ya yi hamdala har sau uku.

"Ranki ya daɗe, a haɗa ni da farfesan. In gode masa, in kuma ga fuskar da ta sa na rame."

Shugaba ta dube shi ta saman tabarau, ta leƙa taga ta yi kira.

Iya mai shara ta jingine tsintsiya a bakin ƙofa, ta goge hannu a zani, ta ce, "A bara na koyi karatu, ɗana. Duk inda yatsana ya tsaya, nan nake ɗigawa. A shafi na tara ma ya tsaya, na dai tuna kana da iyali."