Awarwaron Tasallah

"Wallahi ba za ki dangwala ba, Hansatu, in dai ni na haife ki!"

Ni dai aron rariya na shigo gidan Tasallah, amma ina jin ta faɗa wa 'yarta haka na jawo kujera. Ranar ce motar hukuma ta tsaya a bakin masallacinmu, masu son a ba wasu sassan jikinsu bayan sun rasu suna ta dangwala yatsa.

Maƙwabciyata Tasallah ta san abin. Da ɗanta Sallau ya rasu, wani mai gyaran takalma aka ba zuciyarsa, ita kuma aka ɗaura mata awarwaron nan da ake ba iyaye, mai bugawa tare da zuciyar. Mun sha gulmarta, har da ni, don in ya yi sauri sai ta ce, "Sallau na hawan tudu."

"Inna, bawan Allahn nan da zuciyar Yaya ya aurar da 'ya'yansa," in ji Hansatu. "Laifi ne?"

Tasallah ta miƙo mini hannu. "Taɓa ki ji, Iya Kande."

Na taɓa. Shiru, sanyi ƙalau.

"Tun ranar Talata ya daina bugawa, ina cikin tankaɗe. Sau biyu ke nan ina rasa yaron nan. Na biyun ko mai gaisuwa ban samu ba, a gidan wasu aka yi zaman makoki."

Hansatu ta share hawaye, ta ja mayafinta. "Ki yafe mini, Inna. Da la'asar motar za ta tashi."

"Je ki. Amma ki gaya musu kada su kawo mini naki awarwaron, ba ni da hannun ɗaura shi."

Yarinyar ta zura takalmanta. Ta fice, ta bugo ƙyauren da ƙarfi.